Knossos: Tarihihin Sarki Minos da Kankaren Arthur Evans

Tsibirin Kirit shi ne mafi girma a cikin tsibiran ƙasar Girka, yana shimfiɗe daga gabas zuwa yamma tsawon kimanin kilomita 260 a bakin kudu na tekun Ijiyan, inda ya zama zango ga jiragen da ke kai da kawowa tsakanin Turai da Masar da ƙasar Sham tun kafin a fara rubuta tarihi a wannan yanki. Kimanin kilomita 5 kudu da Heraklion, babban birnin tsibirin a yau, akwai wani ɗan tudu da ake kira Kefala, kuma a kansa ne kufan Knossos yake, wato ragowar wani katafaren gini da aka fara ɗagawa wajejen shekara ta 1900 kafin Miladiyya, ya yi ta rushewa ana sake gina shi har tsawon ƙarni biyar ko fiye. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne wata al'ada da ta yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 a tsakanin masana tonon kufai, wato masu haƙa ƙasa don su karanta rayuwar mutanen da suka shuɗe daga abin da suka bari. Al'adar kuwa ita ce a riƙe tsohon labari a zuciya a fita neman gurbinsa a doron ƙasa, idan an dace da gini a raɗa wa ɗakunansa sunayen mutanen labarin, daga bisani kuma a ɗaga abin da ya faɗi bisa siffar da labarin ya riga ya zana wa mai tonon. Babu inda wannan al'ada ta yi nisa kamar Knossos, domin a can ne aka zuba ta da siminti da rodi har ta tsaya da ƙafafunta.

Labarin da ya ja hankali zuwa wurin yana cikin nau'in da masana adabin baka ke kira tarihihi, wato labarin da ake bayarwa da sunan tarihi, ake jingina shi ga sanannun garuruwa da zuriyoyi, alhali cike yake da abubuwan da hankali ba ya ɗauka, saɓanin tatsuniya wadda mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙirƙira ce. Girkawan dā, masu bautar gumaka da yawa, sun ce babban abin bautarsu Zeus ya rikiɗa ya zama farin bijimi ya sace Europa, 'yar wani sarki a gaɓar ƙasar Lebanon ta yau, ya haye teku da ita zuwa Kirit, inda ta haifa masa 'ya'ya uku, cikinsu har da Minos. Da Minos ya nemi sarauta sai ya roƙi Poseidon, wanda suke ɗauka shi ne mai iko da teku da girgizar ƙasa, ya fito masa da bijimi daga cikin ruwa don ya zama shaida, bisa alkawarin zai yanka shi hadaya, amma da ya ga kyan dabbar sai ya yi ƙwauro ya musanya ta da wata. Saboda wannan saɓa alkawari, in ji labarin, aka jarrabi matarsa Pasiphae da son bijimin, ta haifi wata halitta mai jikin mutum da kan sa, wadda aka kira Minotauros, ma'ana bijimin Minos. Don a rufe wannan abin kunya sarkin ya sa gwanin magini Daedalus ya gina labirintos, gida mai lunguna masu sarƙaƙiya da wanda ya shiga ba ya gane hanyar fita, sannan ya ɗora wa mutanen Atina harajin samari bakwai da 'yan mata bakwai da za a riƙa jefa wa dodon. Theseus, ɗan sarkin Atina, ya sa kansa cikin waɗanda za a kai, Ariadne 'yar Minos ta ba shi dunƙulen zare, ya ɗaura bakinsa a ƙofa yana tafe yana warwarewa, ya kashe dodon, ya bi zaren ya fito.

Abin lura na farko game da wannan labari shi ne bakinsa ba ɗaya ba ne. Wasu ruwayoyin sun ce duk shekara ake kai harajin, wasu sun ce sai bayan shekara tara, Minos kansa kuma a wata ruwaya azzalumi ne mai ciyar da dodo da 'ya'yan mutane, a wata kuwa mai kafa doka ne wanda saboda adalcinsa aka naɗa shi alƙalin matattu. Mafi yawan abin da ya iso ga na baya ya biyo ne ta bakin mawaƙa da marubutan wasan kwaikwayo na Atina, birnin da Theseus yake gwarzonsa, don haka ba abin mamaki ba ne da Kirit ta fito a matsayin gidan dodo. Thucydides, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya tace labarin ya zubar da dodon, ya riƙe Minos a matsayin sarkin farko da aka ji ya mallaki rundunar jiragen ruwa ya fatattaki 'yan fashin teku. Mutanen Knossos na zamanin Girkawa sun buga hoton dodon da zanen labirintos a kan sulallansu, sai dai zanen da ya fi shahara a cikinsu hanya ce guda ɗaya mai kewaye-kewaye wadda ba a ɓata a cikinta, abin da ya ci karo da labarin da sai da zare ake fita. Pliny, marubucin Rum na ƙarni na 1 na Miladiyya, ya ce daga na Masar aka kwaikwayi labirintos na Kirit, kuma a zamaninsa ko alamarsa babu. Matafiya Turawa tun daga ƙarni na 15 kuwa, wani kogo ake kai su kusa da Gortyn a kudancin tsibirin, wanda tsohon wurin fasa dutse ne, a ce musu nan ne gidan dodon. Da wannan yawan baki ne tarihihi yake rayuwa, domin kowane zamani yakan ɗauki ruwayar da ta dace da buƙatarsa ya bar sauran a ajiye ba tare da ya kashe su ba.

Tsakanin faɗuwar ginin da tono shi tsibirin ya sha sauya hannu. Rumawa sun ci shi a shekara ta 67 kafin Miladiyya. Larabawan da suka fito daga Andalus sun sauka a cikin shekarun 820 suka kafa gari suka kewaye shi da rami, abin da ya sa aka kira shi Handak, kalmar nan da masu karatun sira suka sani, kuma daga gare ta ne sunan Kandiya ya fito, wanda Turawa suka daɗe suna kiran Heraklion da shi. Rumawan Gabas sun karɓe tsibirin a 961, mutanen Venice suka riƙe shi daga farkon ƙarni na 13, har Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ƙwace Kandiya a 1669 bayan ƙawanyar shekara 21. Wannan tarihi ya shafi tonon kai tsaye, domin wanda ya fara sa diga a Kefala a 1878 ɗan ƙasa ne, wani ɗan kasuwar Heraklion mai suna Minos Kalokairinos, wanda ya buɗe wani sashe na ɗakunan ajiya ya fito da manyan randuna, amma manyan tsibirin suka tsayar da aikin don gudun kada a kwashe abin da aka samu zuwa Istanbul. Heinrich Schliemann, Bajamushen da ya tono Troy da Mycenae yana bin waƙoƙin Homer, mawaƙin Girkawan dā, wanda za a iya kira uban wannan al'ada, ya nemi sayen filin, ciniki bai faɗa ba. Sai da tsibirin ya samu ikon gudanar da kansa a 1898 sannan hanya ta buɗe wa Arthur Evans, mai kula da gidan adana kayan tarihi na Ashmolean a Oxford, ɗan gidan masu arzikin da suka yi kuɗi a sana'ar takarda.

Neman rubutu ne ya fara kawo Evans Kirit a 1894, bayan da ya ga wasu ƙananan duwatsun hatimi masu ɗauke da alamomi, irin waɗanda mata masu shayarwa a ƙauyukan tsibirin suke ratayawa a wuya kamar laya don nono ya kawo. Ya fara tono a ranar 23 ga Maris 1900 da ma'aikata Musulmi da Kirista, tare da Duncan Mackenzie, wanda shi ne ke tsaye a bakin ramuka kullum yana rubuta abin da aka samu, kuma littattafan aikinsa har yau su ne madogarar mai son sanin inda aka tsinci kowane abu. Cikin 'yan makonni aka samu allunan yumɓu masu rubutu, sannan aka buɗe wani ɗaki mai kujerar dutse jingine da bango, da dakalai a gefe da gefenta. Da farko Evans ya danganta kujerar ga Ariadne, daga baya ya mayar da ita karagar Minos, da sunan wannan sarki na tarihihi kuma ya yi wa wayewar tsibirin baki ɗaya laƙabi, ya raba ta zamani uku bisa sauyin salon tukwane. Tsarin tukwanen aiki ne na ƙwarai da har yau ake amfani da shi da 'yan gyare-gyare. Laƙabin kuwa ya shige gaba har ya mantar da mutane cewa sunan da waɗannan al'umma suke kiran kansu bai iso ga kowa ba, abin da ke hannu kawai shi ne Misirawa suna kiran ƙasarsu Keftiu, kuma sun zana su ɗauke da kayan gaisuwa a kabarin waziri Rekhmire da ke Thebes.

Ginin da ƙasa ta bayar, tun kafin kowa ya ƙara masa wani abu, ya isa abin al'ajabi. Zuciyarsa wani fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kimanin mita 50, faɗinsa kimanin rabin haka, yana miƙe daga arewa zuwa kudu, kuma daga wannan fili ne ɗakuna suka yi ta tohowa zuwa waje, shi ya sa bangon waje ya zama mai shiga da fita maimakon miƙaƙƙen layi. Irin wannan fili ne aka samu a Phaistos da Malia da Zakros, abin da ya nuna tsari ne da aka yarda da shi a faɗin tsibirin. A ɓangaren yamma akwai wani dogon lungu da jerin siraran ɗakunan ajiya suka buɗe a cikinsa, cike da randunan da ake tara man zaitun da hatsi da ruwan inabi. A ɓangaren gabas, inda tudun ya gangara zuwa rafi, magina sun yanke gefen tudun suka sa benaye suka sauka ƙasa da filin, suka haɗa su da wata babbar matakala a gefen wani buɗaɗɗen sarari mai kama da rijiya, wanda ke shigo da haske da iska daga sama har cikin ɗakunan ƙasa. Wata dabarar kuma ita ce maimakon bango tsakanin ɗaki da ɗaki sai a jera ginshiƙai da ƙofofi masu ganye biyu a tsakaninsu, ta yadda da zafi za a buɗe su duka wurin ya zama rumfa, da sanyi a rufe ya koma ɗaki. Zagayayyun ginshiƙan na itace ne, masu kauri a sama da siranta a ƙasa, akasin na haikalan Girkawan baya, bangon kuwa dutse ne da aka ɗaure da kwarangwal na katako, wanda masana ke ganin yana taimaka wa gini ya jure a tsibirin da ƙasa ba ta daɗewa ba ta motsa ba. Akwai bututun yumɓu masu shiga bakin juna don jan ruwa, da magudanan dutse a ƙarƙashin daɓe masu fitar da ruwan sama da ƙazanta.

A kan duwatsu da yawa an sassaƙa hoton gatari mai baki biyu, hoton bijimi kuma yana ko'ina, har da zanen bangon nan da ya nuna matasa suna tsallake bayan bijimi mai gudu. Evans ya karɓi ra'ayin da ke cewa kalmar labirintos ta fito ne daga labrys, wadda tsohon marubucin Girka Plutarch ya ce sunan gatari ne a harshen mutanen Lidiya, ya yanke cewa ginin shi ne gidan gatari, shi ne kuma labirintos na labarin. Masana harshe ba su haɗu a kan wannan asali ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sarƙaƙiyar da ido ke gani a Knossos ta ƙasan gini ce bayan benaye sun zube, alhali ginin da mazaunansa suka sani yana da ƙofofi da hanyoyi sanannu, don haka idan har tarihihin ya tuna wani abu na wurin, ya fi kama da tunawa da kufan da ya rikita baƙo fiye da gidan da ake kwana ake tashi a ciki.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa larura ce ta fara sa Evans gini. Itacen da ya riƙe benaye ya ƙone ko ya ruɓe tun dubban shekaru, ƙasar da ta cika ɗakunan ce kaɗai ke tallafe da matakala da daɓen sama a gurabensu, saboda haka duk kwandon ƙasar da aka kwashe yana kusantar da ginin ga rugujewa. Ga kuma jibsum, wani farin dutse mai laushi da magina suka shimfiɗa a daɓe da bango, wanda ruwan sama ke cinyewa sannu a hankali da zarar ya fito fili. An fara da tokarar katako, ta ruɓe cikin 'yan shekaru, aka koma ga ginshiƙan dutse da ƙarfen gini, da haka mai zanen gine-gine Christian Doll ya ceci babbar matakalar a 1905. Daga 1922 zuwa 1930 kuma, ƙarƙashin wani mai zanen gine-ginen, Piet de Jong, aka shiga zuba kankare mai rodi, wanda a lokacin ake ganin ba ya tsufa, har taron masana da aka yi a Atina a 1931 ya amince da amfani da shi wajen gyaran tsofaffin gine-gine. Duwatsun matakalar da ke tsaye a yau su ne waɗanda aka taka shekara 3,500 da suka wuce, kuma ba don wannan aiki ba da tuni sun zama tsibin tarkace.

Sai dai kankare ya ba da ikon da tokara ba ta bayar ba, ikon kuma ya zarce larura. A ɓangaren yamma aka shimfiɗa bene mai manyan zauruka waɗanda aka ƙiyasta tsarinsu daga kaurin bangon ƙasa da gindin ginshiƙan da suka faɗo, aka ɗora wa ɗakin karaga wani hawa a 1930, aka tsayar da jajayen ginshiƙai a ƙofar arewa, aka shafa wa siminti launi ya yi kama da katako. Kowane ɗaki kuma ya samu suna, wannan na sarki, wancan na sarauniya, alhali babu rubutu ko kaya da ya ce wata sarauniya ta taɓa kwana a wurin. A nan ne illar al'adar ta fi fitowa fili, domin ƙiyasin da aka rubuta a littafi wani masani zai iya rubuta akasinsa a ajiye su gefe da gefe, amma ƙiyasin da aka zuba da kankare ya toshe gurbin, ya rufe shaidar da ke ƙarƙashinsa, ya kuma shiga idon dubban masu ziyara a matsayin abin da aka tarar. Wani abin mamaki a zane-zanen mutanen Kirit na wancan zamani shi ne rashin hoton da za a nuna a ce babu shakka wannan sarki ne, saɓanin Masar inda Fir'auna ya cika bango, mata ne ma suka fi zama a tsakiyar hotunan ibada. Tun 1958 Helga Reusch ta kawo hujjar cewa mai zama a kan kujerar nan mace ce mai wakiltar abar bauta, kuma a yau akwai masanan da ke ƙin kiran ginin fada, suna cewa gini mai fili a tsakiya, don kada sunan ya yanke hukunci kafin a saurari shaida.

Zanen bango ya sha irin wannan hannu fiye da dutse. An yi shi ne a kan ɗanyen shafen farar ƙasa yadda launi zai shige ciki, amma guntu-guntu aka tsince shi, kuma Émile Gilliéron da ɗansa mai irin sunansa su ne suka harhaɗa guntayen suka cike giɓin da alƙalaminsu. Hoton nan na saurayi mai kambin furanni da gashin tsuntsu, wanda Evans ya kira sarki kuma limamin ibada, an haɗa shi ne daga kambi da ƙirji da ƙafa da aka samu a warwatse, fuskarsa duka sabuwa ce, kuma bincike na baya ya nuna mai yiwuwa guntayen na mutane daban-daban ne, kambin ma ya fi kama da wanda ake zana wa mace ko wata halitta mai jikin zaki. Wani hoton da aka cike a matsayin yaro mai tsinkar furen za'afaran daga baya an gane biri ne, domin shuɗin launin jikinsa shi ne wanda masu zanen suke yi wa birai, ga kuma guntun wutsiya. Masu kallo tun a shekarun 1920 sun lura cewa matan Knossos suna kama da matan mujallun ado na Turai na lokacin, kuma dalilin bai ɓuya ba, tunda hannun da ya cike fuskokin a wannan zamani ya koyi zane. Shaharar salon ta buɗe kasuwar jabu, har mutum-mutumin hauren giwa na mace mai riƙe da macizai da gidan tarihi na Boston ya samu a 1914 yana cikin waɗanda masana ke shakkar tsufansu.

Bayan gini da zane akwai hoto na uku da Evans ya ɗaga, wato na halin mutanen. Ya siffanta su a matsayin al'umma mai zaman lafiya, mai son furanni da rawa, wadda ba ta buƙaci ganuwa ba saboda jiragenta sun tsare teku, ya kuma gabatar da su a matsayin wayewar Turai ta farko. Rundunar jiragen daga Thucydides ta fito, zaman lafiyar kuwa ta dace da ƙishin mutumin da ya ga rikicin Balkan da na Kirit da idonsa, ya kuma wallafa babban aikinsa mai juzu'i huɗu tsakanin 1921 da 1935, bayan Yaƙin Duniya na Farko. Ta haka ya ɗauki ruwayar Minos mai doka ya ajiye ta Minos mai dodo. Ƙasa kuwa ta ci gaba da magana, an samu dogayen takubba a Malia da alamun katanga da gidajen tsaro a gabashin tsibirin, a 1979 kuma Yannis da Efi Sakellarakis suka tono wani ɗakin ibada a Anemospilia, wanda girgizar ƙasa ta rusa a kan mutanen da ke ciki, inda suka samu ƙasusuwan wani saurayi a kan dakali da makamin tagulla a jikinsa, suka fassara abin da hadayar mutum. A wajejen lokacin Peter Warren ya samu ƙasusuwan yara masu alamar yankan wuƙa a wani gida a Knossos. Ana jayayya kan fassarar duka biyun, kuma zai zama maimaita kuskuren Evans ne a yi gaggawar cewa ga samarin Atina an gano.

Gyara mafi girma ya zo ne daga allunan da suka kawo Evans tsibirin tun farko. Ya bambanta rubutu iri biyu masu layi-layi, ya kira su Linear A da Linear B, ya tsaya kai da fata cewa harshen na biyun ba Girkanci ba ne, domin a ganinsa Kirit ce ta mallaki babban yankin Girka, kuma ya rasu a 1941 bai wallafa mafi yawan allunan ba. Wata masaniya, Alice Kober, ta gano cewa ƙarshen kalmomin yana sauyawa bisa ƙa'idar nahawu, a kan wannan harsashi kuma Michael Ventris, wanda sana'arsa zanen gine-gine ce, ya warware rubutun a 1952 ya nuna tsohon Girkanci ne da aka rubuta gaɓa-gaɓa. Ma'anar haka ita ce bayan rushewar da ta auka wa cibiyoyin tsibirin wajejen 1450 kafin Miladiyya, masu jin Girkanci ne suke riƙe da Knossos, akasin abin da Evans ya gina a kai. Allunan, waɗanda gobarar da ta ci ginin ce ta gasa su har suka tsira, babu waƙa ko tarihin sarakuna a cikinsu, lissafi ne na dubun dubatar tumaki da ulu, da mata masu saƙa da abincinsu, da karusan yaƙi. Duk da haka a ɗaya daga cikinsu an rubuta tulun zuma da aka keɓe wa wata uwargiya ta wani wuri da masana da yawa ke karanta sunansa labirintos. Wannan ɗan layi ya nuna kalmar tana raye a Knossos ɗaruruwan shekaru kafin Homer, tana kuma da alaƙa da ibada da abar bauta mace, ba tare da ambaton dodo ko sarki ba. Linear A, rubutun maginan farko, har yau ba a karanta shi ba.

Masanan Italiya da suka fara tonon Phaistos a shekarar da Evans ya fara nasa, da na Faransa a Malia, ba su ɗaga benaye ba, mai ziyara a can yana ganin gajerun bango da faffaɗan matakala da fili, yana fita da ƙarancin hoto a kai amma abin da ya gani na masu shi ne. Ga wannan hanya ce ra'ayin masana ya karkata, har Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta kafa ƙa'idar cewa gyara ya tsaya inda ƙiyasi ya fara, a mayar da abin da ya faɗi gurbinsa kawai, sabon abu kuma ya kasance ana gane shi. Knossos ba ta da hanyar komawa baya, domin kankaren ya manne da tsohon dutse yadda cire shi zai ɓarnata abin da ya riƙe, ga shi kuma ya tsufa da wuri, ruwa ya shiga, rodin ya yi tsatsa ya kumbura yana fasa siminti, har ya zama hukumomin Girka suna kashe kuɗi da ƙwarewa wajen adana ginin Evans kansa a matsayin wani hawa na tarihin wurin. Zane-zanen da ke jikin bangon kufan kwafi ne, na asalin suna gidan adana kayan tarihi na Heraklion, kuma a can wanda ya matsa kusa da hoton saurayin nan mai kambi zai ga tsofaffin guntayen sun ɗan taso, masu kaushi da duhun launi, kewaye da sumul ɗin shafen da Gilliéron ya zana sauran jikin a kai.